Ganyen Kokar da Nolberta Ta Tauna

Duk direban da ya taɓa kai baƙi tafkunan gishirin Poconar ya san Nolberta Puca, kuma da wuya ka sami wanda ya san ta bai sha zagi a bakinta ba. 'Yar gajeriyar tsohuwa ce mai faɗin kafaɗa, rana ta cinye launin hular kabarta, makullai na rataye a wuyanta tare da gicciye. A bayan idonta direbobin garin San Pedro na kiran ta Kwastan. A gaban idonta kuwa sai ka ji Goggo ina kwana, Goggo ya gwiwa, Goggo ga burodi mai zafi an kawo miki. Burodin za ta karɓa, zagin kuma ba za ta fasa ba.

Aikinta tsare shinge ne. Bas ta tsaya, baƙi su sauko da tabarau da tawul, jikinsu na rawa su faɗa Babban Tafki su kwanta a kan ruwa a ɗauke su hoto, don gishirin ya yi yawan da ko mutum ya so nutsewa ba zai iya ba. Nolberta sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana goga yatsa a damtsensu. In ta ji santsin man kare fata daga rana, to sai wurin wanka, da sabulu, ko kai ɗan gidan uban wane ne. An taɓa kawo mata wani mai ƙaton ciki da aka ce babba ne a Santiago, babban birnin ƙasa. Ta goga yatsa, ta shinshina, ta gaya masa ido da ido cewa ruwan nan ba kwatamin gidansu ba ne. Direbansa ya yi tsuru-tsuru, shi kuwa babban ya haɗiye maganar ya je ya yi wankan.

Masu cewa masifa ce kawai ta tsufa ba su san matar ba. A bayan tafkunan nan aka haife ta, cikin ɗakin dutse, ta tashi tana bin uwarta kiwon awaki da lama, dabbar nan mai dogon wuya da gashi kamar na tunkiya. A zamanin nan, da zarar zafi ya shigo, Tafkin Ƙurya, wanda ke can bayan tudun gishiri, yakan cika maƙil da parina, tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da fukafukai ja-ja, har ba ka ganin ruwa. Dattawa ke sa ranar ɗibar ƙwai. Gari duka ya fita, a zuba wa ƙasa giyar gida da ganyen koka da muke taunawa, a ɗebi ƙwai a gefe-gefe, a bar na tsakiya. Sai gwamnati ta zo ta ce mu ne ke ƙarar da tsuntsaye, ta hana. Ita kuma gwamnatin nan ce ta ba masu haƙar ma'adinai izinin kafa bututu suna zuƙe ruwan gishiri daga ƙarƙashin ƙasa dare da rana. Mai kwando aka kira ɓarawo. Tir da wannan shari'a. Ruwa ya ja da baya, parina suka daina zuwa kwanci, Nolberta kuwa ko nono bai gama fito mata ba a lokacin.

Ta tafi birnin Calama ta yi shekaru tana dafa wa ma'aikatan ma'adinai farfesun masara, wato tana ciyar da waɗanda take tsine wa. Can ta samo ciwon gwiwa, can kuma ta samo miji, Crescencio, mutum marar magana wanda dutse ya murƙushe wa ƙafa a rami. Mutanen gari suka ce Allah ya san abin da ya haɗa, don gida ɗaya ba zai ɗauki bakuna biyu irin nata ba. Haihuwa ba ta zo musu ba. Amma akwai Darío Tejerina, ɗan maƙwabciyarsu, wanda Nolberta ta riƙe ranar baftisma, ita kuma ta fara sa almakashi a gashinsa ranar askin fari. Da uwar ta rasu, a tukunyar Nolberta ya girma. Inna yake kiran ta. Duk faɗin wannan hamada shi kaɗai ne zai yi mata laifi ta buɗe baki ta rufe ba ta ce komai ba, kuma ɗan banzan ya san da haka.

Yanzu Darío jagoran baƙi ne a San Pedro, namiji ne har da gemu. Ya iya Turanci da yaren Brazil, ya tara gashi ya ɗaure a ƙeya, yana yafa bargon gargajiya wanda da yana ƙarami ko da bulala ba zai yafa ba. A cikin bas sai ya yi ta zuba wa baƙi labarin kakanni, rabi gaskiya rabi abin da ya ƙaga da safe. Nolberta takan ji shi daga rumfarta ta yi tsaki, amma in ya wuce sai ta ce wa Crescencio yaron nan fa baki gare shi, ko gwamna ya zo zai tsaya ya saurara.

A bana parina suka dawo. Ita ta fara ganin su. Ta je duba alamar hanya a bayan tudu, ta leƙa, sai ga tsibirin tsakiyar Tafkin Ƙurya ya yi ja, tsuntsaye na tara laka da baki suna gina sheƙa. Crescencio ya ce da ta shigo gida ran nan bai gane ta ba, don ba ta zagi kowa ba har aka ci abinci aka tashi. Taron gari ya zauna, aka yanke cewa za a rufe hanyar Ƙurya da sarƙa har sai an ƙyanƙyashe, domin parina mai kwanci ba ta da juriya, in aka firgita ta ta bar ƙwai, tana iya ƙin dawowa har abada. Da aka zo kan wanda zai riƙe makulli ba a ma yi gardama ba. Wa zai iya tunkarar Kwastan ya ce ta buɗe?

An gwada kuwa. Masu kamfanonin yawon buɗe ido sun zo da murmushi, wani mai ɗaukar hoto ya zo da takardar da ya ce daga sama take, wani ma har ƙafar naman lama ya aiko. Naman dai ya koma inda ya fito tare da saƙon da ba zan maimaita ba. Ita kanta Nolberta ba ta wuce tudu. Takan ja ciki da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta kwanta da tsohon madubin hangen nesa, tana kallon kowace uwa zaune a kan ƙwanta guda ɗaya tak.

Ran wata Lahadi bayan an tashi daga coci, Darío ya shigo gidan da farar riga, an goge ta har tana ƙyalli. Ya gaishe su a tsugune. Sannan ya zaro saƙaƙƙen ƙyalle ya shimfiɗa a tebur, ya zuba ganyen koka a kai, ya tura gabanta da hannu biyu.

Kowa a nan ya san bambancin. Kokar da aka miƙo maka daga jaka gaisuwa ce, ka ɗiba ka tauna ka yi gaba. Wadda aka shimfiɗa a ƙyalle roƙo ce. Ba ka taɓa ta sai ka ji abin da ya kawo mutum, don da zarar ganyen ya shiga bakinka ka amsa ke nan, babu ja da baya. Nolberta ta fi kowa sanin wannan, ita ce ma ke koya wa matasa. Amma ta daɗe tana jin ƙishin-ƙishin wata yarinya 'yar ƙauyen Socaire da ake ganin Darío da ita. Ga farar riga, ga tsuguno, ga ƙyalle. Zuciyarta ta ce mata aure ne, ya zo roƙon ta tsaya masa a matsayin uwa a gaban Fada, limamin coci. Murna ta rufe mata ido. Crescencio ya yi gyaran murya, ya sake yi, ina, hannunta ya riga ya kai. Ta zaɓi ganye masu kyau ta tura a kunci tana dariya, ta ce ya faɗi ranar kawai.

Darío bai ɗago ido ba. Ya ce, "Inna, makullin Ƙurya nake roƙo. Sau ɗaya tak. Baƙi ne 'yan kaɗan, masu hankali."

Dariyarta ta yanke. Ganyen na kuncinta, ɗacinsa ya fara sauka a maƙogwaro.

"Ka san abin da na zata," in ji ta.

"Ban ce miki komai ba, Inna. Ke kika ɗauka."

Wannan maganar ta fi roƙon ciwo. Ashe ya lissafa. Ya san za ta zata, shi ya sa ya goge riga. Daga baya aka ji cewa ya daɗe yana cika baki a wuraren shan giya na San Pedro, wai shi kaɗai ne jagoran da sarƙar Ƙurya za ta buɗe wa, don mai makullin uwarsa ce, abokan sana'arsa kuwa suna ta yi masa dariya suna cewa Kwastan ba ta da ɗa. Girman kai ne kawai ya kawo shi, ba yunwa ba.

Bayan ya fita, Crescencio ya yi magana mafi tsawo da aka taɓa jin ya yi. Ya ce ta tofar da ganyen. Ya ce roƙon da aka gina a kan yaudara ba roƙo ba ne, kuma ba wanda ya gani sai shi, shi kuwa ya makance. Ta juyo masa da duk fushin da ta kasa sauke wa yaron. Ta ce uwarta ba ta taɓa tofarwa ba, kakarta ba ta taɓa ba, ita ce za ta fara? In ita Nolberta ta tofar da ganyen ƙyalle yau, gobe da wane baki za ta tsaya a taro ta ce wa masu bututu mu mutane ne masu al'ada? Crescencio ya ce tsuntsayen ba su tauna komai ba, me ya sa su za su biya? Sai ta ce masa gurgun banza, ta fita ta bar shi.

Ta gindaya sharuɗɗa. Da ita za a je. Bas za ta tsaya nesa, a ƙarasa da ƙafa. Ba jajayen kaya, ba turare, ba magana, ba mai miƙewa tsaye a kan tudu, kuma in ta ɗaga hannu kowa ya juya. Darío ya ce to, Inna, to, Inna, har ya ishe ta.

Ranar tafiyar baƙin suka fara da Babban Tafki kamar kowa, suka yi iyonsu, suka ɗauraye gishiri, suka ci burodi da cuku a inuwar bas. Da rana ta karkata Nolberta ta buɗe sarƙa da hannunta, ta shiga gaban mota ba ta kalli kowa ba. Ta zo a shirye ta ci mutuncin baƙin nan, don duk rayuwarta daga waje ɓarna ke zuwa mata. Sai suka ba ta kunya. Wasu ma'aurata ne 'yan Brazil, da wata tsohuwar Bajamushiya, da wani saurayi mai doguwar kyamara. Ta ce su cire jar hula, suka cire. Ta ce su ja ciki, suka ja, har da tsohuwar, gishiri na yankar mata gwiwar hannu ba ta ce uffan ba. Da suka leƙa suka ga tsibirin, Bajamushiyar ta toshe baki da tafi, hawaye na zuba. Nolberta ta ji zuciyarta ta ɗan sauko. Ta ce a ranta wataƙila Allah zai rufa asiri, a kalla a tashi lafiya.

Ta ɗaga hannu a juya. Baƙin suka fara ja da baya. A nan ne ta ga Darío ta wutsiyar ido yana taɓa kafaɗar mai kyamara, yana nuna masa wasu 'yan parina da ke kiwo a bakin ruwa, nesa da masu kwanci. Ba wanda ya roƙe shi. So yake hoton da ba wani jagora da ke da shi ya fito daga bas ɗinsa. Ya ɓalli ɓawon gishiri kamar rabin tafin hannu, ya wurga shi ƙasa-ƙasa cikin ruwa, don waɗannan 'yan kaɗan su tashi.

Wanda ya girma a gidan Nolberta ya kamata ya san parina ba ta tashi ita kaɗai. Na bakin ruwa suka ruga suna kuka, na kusa da su suka bi, kukan ya faɗa tsibiri. Kafin ka ce me, duk tafkin ya ɗaga sama, ƙarar fukafukai ta toshe kunne, ƙafafu na ture ƙwai daga kan sheƙa suna gangarawa cikin laka. Tsibiri ya koma toka-toka, da fararen ɗigo-ɗigo a kai. Mai kyamarar ma bai ɗauki hoton ba, sauke ta ya yi yana kallon Darío.

Sai tsuntsayen gabiyota masu cin ƙwai suka taso. Fararen ɓarayin nan masu baƙin kai kullum suna laɓe a gefen tafki suna jiran irin wannan rana, kuma su mutum bai dame su ba.

Nolberta ta miƙe. Darío ya fara cewa Inna wallahi ban zaci, ta ce, "Kwashe baƙinka ka ɓace mini. Kada ka sake kira na da sunan nan." Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa ya tsorata. Ta kwance majajjawar da take ɗaura a ƙugu tun tana kiwo, ta gangara tudu ta faɗa ruwa da takalmanta.

Ruwan iya gwiwa ne, amma ƙasansa ɓawon gishiri ne mai kaifi. Yana fashewa a ƙarƙashinta yana tsaga mata ƙwauri, gishiri na shiga ciwon. Ba ta tsaya ba. Ta hau tsibiri ta tsaya tsakiyar sheƙuna tana ɗibar dunƙulen laka tana wurgi, tana zagi. Ta zagi gabiyota da uwayensu, ta zagi masu bututu, ta zagi gwamnati, ta zagi farar riga da wanda ya goge ta, ta zagi hannunta na dama. Majajjawarta ba ta manta aikinta ba, ta kakkaɓo biyu ko uku, sauran suka ja gefe suka sauka a kan ruwa suna kallon ta. Ƙwan da suka gangara ta riƙa tsintowa tana mayarwa, masu ɗumi ne har yanzu, tana ji a tafinta. Ta rantse ko ƙwai ɗaya ba za a ƙara fasawa ba tana numfashi.

Haka ta yi ta yi har inuwar tudu ta miƙe ta taɓa ruwa, iska ta fara sanyi. A wannan ƙasa rana na faɗuwa sanyi ke sauka, kuma ƙwan da ba uwa a kansa ba ya kai safe.

Ta ji ana kiran sunanta. Crescencio ne a bakin ruwa, dogare da sanda. Darío ne ya biya ya gaya masa, tsohon ya sa maƙwabci ya kawo shi har sarƙa, sauran hanyar ya ja ƙafarsa shi kaɗai. Ta yi masa ihu ya koma gida. Bai motsa ba, sandar kawai ya ɗaga ya nuna sama.

Ta ɗaga kai. Ashe parina ba su tafi ba. Suna can suna kewaya tafkin, sai su yi ƙasa-ƙasa, su miƙo ƙafafu kamar za su sauka, sai su hango mutum a tsakiyar sheƙunansu yana wurgi, su sake ɗagawa. Allah kaɗai ya san sau nawa suka yi haka tana can tana faɗa da ɓarayi.

"Ke suke tsoro, Nolberta," in ji shi. "Fito."

"In na fito waɗancan za su cinye."

"Za su ci wasu. In kin tsaya sanyi zai kashe duka."

Ta tsaya da majajjawa a hannu, jini da gishiri sun bushe mata a ƙwauri. Duk rayuwarta abu ɗaya ta iya, ta tsaya a gaban abin da take so ta hana a taɓa shi. Yau tsayuwar ce ɓarnar. Ta daina zagi. Ta sunkuya ta ajiye ƙwan da ke hannunta a kan sheƙarsa, ta gyara masa zama, ta shiga ruwa.

Ba ta yi nisa ba ta ji gabiyota sun tashi a bayanta, ta ji kukansu na murna, sannan ta ji ƙas, ƙas, ƙarar baki a kan ɓawo. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya komawa za ta yi. Ta fito, Crescencio ya kama ta, su biyu suka hau tudu, gurgu na jan mai ciwon gwiwa, suka gangara ɗaya gefen inda tsuntsu ba zai gan su ba. Ta zauna ta jingina da gishiri ta ba tafkin baya. Ta ce masa shi ya leƙa, ita ba za ta iya ba.

Tsohon ya ja ciki ya leƙa. Ya daɗe. Sama ta yi ja, iska na kaɗa masa riga.

"Sun sauka?" in ji ta.

"Fararen sun sauka."

"Ba su na tambaye ka ba."

Crescencio ya sauko a hankali ya zauna kusa da ita. Ya cire rigarsa ta sama ya rufa mata a ƙafafu, ya daɗe yana gyara ta kafin ya yi magana.

"Sun yi kudu, Nolberta," ya ce. "Duka."